Irin Gero a Jirgin Kurmi

Bana ruwa ya yi nawa. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi kamar da gaske, mata su kwashe shanya, sai iska ta zo ta ɗauke shi ta kai wa wasu. A cikin wannan jira ne ɗana ya shigo jiya da ƴar leda daga kasuwar Dakoro, ya ajiye mini a kan tabarma. Irin gero ne, an rina shi ja da magani, an rubuta a jikin ledar da Faransanci cewa guba ne, kada mutum ya ci, kada a ba dabba. Na karanta har ƙasa, don wanda ya tsufa yana gyara rubutun yara ba ya iya ganin rubutu ya wuce shi. Ban sami kuskure ba. Na dai yi tunani cewa wanda ya ƙirƙiro jan maganin nan don ƙwari ya yi shi, bai san ya rufe wata ƙofa da ta fi ta ƙwari faɗi ba. Irin da ba ya ciyuwa ba ya bukatar mai gadi. Namu na wancan zamani ciyuwa yake yi, shi ya sa wata shekara ya yi tafiyar da tsofaffin garinmu ba su taɓa yi ba, har ya hau jirgin ƙasa.

Damina biyu a jere ta ƙi mu. Ta farko ta ba mu rabin rumbu. A ta biyu gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, ya kwanta. Ƙauyenmu yana kan hanyar Ɗan Gulbi, muna ganin Fulani da Buzaye suna gangarowa daga wajen Azagor da abin da ya rage musu, shanun da sai an zura musu sanda a ƙarƙashin ciki mutum biyu sun ɗaga kafin su miƙe. A gida kuwa aikin yini ya canza. Inna takan fita da sanyin safiya ɗiban anza, ƴaƴan wani itacen daji masu ɗaci, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa. Ɗacin ba ya ƙarewa, harshe ne yake gajiya da kai ƙara. Sai ganyen jiga, sai dusa in an samu, sai ƙarangiya da ake murzawa da hannu a naɗe cikin tsumma. Turame suka yi shiru. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai san nauyin wannan ba, amma garin da hantsi ya yi ba a jin daka a cikinsa, ko ba a faɗa maka ba ka san abin da ake ciki.

Mu huɗu ne a gidan tun rasuwar Baba: Inna, da yayana Isuhu, da ni, da autarmu Tsahara wadda ta fara famfara a lokacin, tana dariya da giɓi. Ni na gama kwalej a Maradi ina jiran a kira ni makarantar horon malamai, kiran bai zo ba a shekarar. Don haka na dawo gida da Faransanci cike da baki, da sunayen kogunan Turai a jere, abubuwan da ba a taɓa jin an dama kunu da su ba.

Abin da Baba ya bar mana da ya fi gona daraja shi ne irin geronsa. Mai saurin nuna ne, ya yi shekaru yana tsince zangarniyarsa ɗaya-ɗaya kowace kaka. Inna kuma tana da wata ɗabi'a, ba ta taɓa yarda a shuka iri duka ba, takan raba biyu ta ɓoye rabi. Wannan rabin ne ya rage, kamar tiya huɗu, a cikin tulu a ƙarƙashin gadonta.

Da kaka ta wuce ba abin girbi, maza suka fara ɗaure kaya. Kano da Katsina muka sani wajen cin rani, amma labari ya zo cewa can ma irinmu sun cika tasha. Wani Ba'adare da ke fataucin fata ya ce zai raka mu kurmi, can bayan Abijan, inda ake ɗaukar ƙarti aikin katako. Ranar da za mu tashi Inna ta kira mu ɗaki. Ta riga ta juye irin cikin burgami, ta cakuɗa shi da toka, ta ɗaure bakin da tsirkiya.

"Ku tahi da shi," ta ce.

Isuhu ya ce, "Inna, hatsi ne hwa. Ku da ba ku da ko na kunu."

"Don shi ne na ce ku tahi da shi. In shina ɗakin ga cinye shi za mu yi. Na san kaina. Ran da Tsahara ta yi kuka ban da abin ba ta, hannuna zai tahi wurin tulun ga ba da shawarata ba. Ku kai shi inda hannuna ba shi kaiwa, ku maido mini shi kahin ruwan hwari."

Ta ce su za su koma cikin Dakoro wurin ƙanwarta, an ce ana rabon jar dawa. Tsahara ta bi mu har bakin rijiya tana tambaya ko kurmi ya fi Maradi nisa.

Ba zan daɗe a kan hanya ba. Mota ce bayan mota, ƙasa tana sake launi daga fari zuwa ja, itatuwa suna ƙara tsawo har wata safiya na ɗaga kai ban ga sama ba. Mu mutanen fili ne. A Dakoro mutum yana ganin baƙonsa tun yana kamar ƙuda a bakin duniya, har a ɗora masa ruwa kafin ya iso. A kurmi abin da ya wuce taku kaɗan ganye ne. Tambayar farko da Isuhu ya yi da muka sauka a sansanin ma'aikata ita ce, "Ina gabas?" Ranar da ruwan farko ya same mu, a lokacin da a gida ko gajimare babu, ya fita ya tsaya a ciki har rigarsa ta manne, yana duban yadda yake kwarara banza cikin ciyawa. Da ya dawo ya ce, "Wanga na yini guda da ya ishe mu shekara."

A can na fara ganin jirgin ƙasa. A littafin lakwal, wato makarantar boko, akwai hotonsa, dogon abu mai tagogi da mutane sanye da huluna suna ɗaga hannu. Wannan na kurmi kuwa tsakanin ƙarafan dogonsa bai fi kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, yaro ma zai tsallake. Kan jirgin bai fi rumbun gwauro ba, baƙi, da doguwar bututun hayaƙi, yana jan ƴan taragu marasa bango da ake ɗora wa gungumen da mutum biyar ba za su haɗa hannu su zagaye shi ba. Da guntayen itacen da aka sare ake hura masa wuta, wato kurmi ne yake dafa ruwan da za a fitar da shi da shi. Tafiyarsa kuwa, in ya zo hawa, tsohuwa mai tulu a ka za ta iya yi masa sallama ta wuce.

Mun zaci sara za a ba mu. Da safe shef, wato shugaban aikin, ya tara mu ya ce aikinmu cire dogo ne. Kamfanin ya gama da jirgi, ya sayi kamiyoyi, manyan motocin ɗaukar kaya, ana share musu hanyar jar ƙasa. Dogon a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace kamar tsanin ƙarfe da aka kwantar. Jirgi zai kai mu can ƙarshe cikin kurmi da sassafe, mu kwance ƙusoshin da suka yi tsatsa, mutum huɗu su ciccibi tsani guda su ɗora a tarago, jirgi ya ja baya kaɗan, mu kwance na gaba. Da yamma ya maido mu da abin da muka cire. Kullum tafiyar tana raguwa. Na fito daga ƙasar da ba ta da dogo ko kamu guda, sana'ata ta farko a duniya kuma ita ce taya wata ƙasa rage nata.

Matuƙin jirgin wani dattijo ne ɗan ƙasar, Kwasi, mai furfura a gira da tabon ƙuna a hannaye. Tsohuwa yake kiran jirgin. Da ya ji ina Faransancin littafi sai ya sa mini Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta, tun ban taɓa riƙe alli ba. Idan muna jiran ruwa ya ɗauke yakan ba ni labarin dogon, ni kuma in juya wa Isuhu. Ya ce kafin dogo mutane ne ke jan gungume da igiya har kogi, ɗaruruwa, aikin dole, ubansa yana ciki. Da aka kawo ƙarafan, da hannu aka fara tura taragun, sai daga baya Tsohuwa ta zo ta jirgin ruwa a kwance, aka harhaɗa ta a bakin gaɓa. Ya ce dogon kurmi ba ya zuwa garin kowa, itace yake bi. In manyan itatuwa sun ƙare a wannan kwari sai a naɗe shi a shimfiɗa a wancan, shi da kansa ya ga an yi haka ba sau ɗaya ba. "Amma da can in an cire daga nan, gaba ake kai shi," in ji shi. "Wannan karon baya kuke kai shi."

Mu kuwa tun ranar da muka sauka Isuhu ya yi wa irin abin da kowane manomin kirki zai yi masa a gida. Ya ƙara ɗaure bakin burgamin, ya rataye shi can saman bukka inda ɓera ba ya kaiwa, ya ce kada a taɓa. A Dakoro wannan ya isa, iri zai shekara biyu a haka, don a wurinmu bushewa kyauta ce, ba wanda ya taɓa tunanin ana nemanta. Mun ga gishirinmu ya zama ruwa a cikin gwangwani, mun ga takalman fata sun yi kore a kwana kaɗan, muka yi dariya. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi burgamin. Rashin sani ya fi dare duhu. Sai da manyan ruwaye suka kankama, wata ranar hutu Isuhu ya hau ya sauko da burgamin, ya ga fumfuna ta lulluɓe shi kamar gashin jariri. Fatar ta sha laima ta yi laushi. Da ya kwance, tokar ta dunƙule, wani wari mai tsami ya taso. Ya ɗauki ƙwaya ya ciza. Ba ta ce ƙas ba, lotsawa ta yi.

Muka nemi rana. Rana a kurmi kamar babban ma'aikaci take, takan leƙo ba sanarwa, kafin ka shimfiɗa buƙatarka ta koma. Mun baza irin a kan zane a filin sansani, ba a jima ba muka kwashe da gudu. Wutar bukka kuma ɗanyen itace ce, hayaƙi da tururi, ga shi yini muke ba ma nan. Isuhu ya daina cin abincin kirki. Yakan zauna da zanen a cinya yana juya ƙwayoyin da yatsa kamar mai jinya.

Ni ne na lura da abin da ke rataye a cikin ɗakin matuƙi. Taba, ashana, da ƙulle-ƙullen gishiri na matan sansani. A duk faɗin kurmin nan wuri ɗaya ne busasshe, bayan tukunyar Tsohuwa. Da na faɗa wa Isuhu mu kai irin can, ya dube ni kamar na ce mu ba kura ajiyar akuya.

"Wa ka taɓa gani ya ba wuta ajiyar hatsi? Wanga karatu naku ne?"

"Yaya, ko wuta ko ruwa. Zaɓi wanda za ka iya nisanta irin da shi."

Washegari ya farke rigarsa ta sallar Juma'a ya ɗinka jaka da ita, don iska ta riƙa ratsawa, muka je wurin Kwasi. Dattijon ya zura hannu ya ɗebo, ya kai kusa da ido.

"Mushe, wannan abincin tsuntsu kuka ɗauko tun daga ƙarshen duniya?"

Na juya wa Isuhu. Ya ce, "Ce mishi ga tsuntsayen nan gabanshi, guda biyu. Akwai biyu gida."

Kwasi bai yi dariya ba. Ya tambaya ko babu irinsa a kasuwa, na ce akwai gero a kasuwa in shekara ta yi kyau, amma wannan na ubanmu ne, kuma ko na kasuwar bana babu. Ya zagaya cikin ɗan ɗakin yana ɗora bayan hannu a jikin ƙarfe nan da can, har ya sami inda ɗumi yake kamar jikin mutum. Nan ya buga ƙusa ya rataye jakar.

Daga nan rayuwarmu ta sami tsari. Da safe in mun hau, Isuhu ya leƙa ya gaishe da Kwasi da hannu, ya girgiza jakar don na ciki ya dawo waje. Mu yini muna ɗaukar ƙarfe, ruwa yana bin ƙeya, ƙudan tsando yana cizo, tafin hannu ya yi ja da tsatsa. Abinci rogo ne da agade, ciki ya cika amma baki yana neman fura. Da yamma kafin mu sauka ya sake leƙawa ya ciji ƙwaya guda. Ranar da ta fara cewa ƙas a haƙorinsa, ya miƙa wa Kwasi hannu biyu. Ma'aikata suka sa wa jakar suna Alhaji, wai tana zaune a inuwa tana zuwa tana dawowa mu muna wahala. Isuhu yakan ce, "Ku bar shi, ya hi ku aiki gaba."

Sai zazzaɓi ya kwantar da Kwasi, aka ba wani saurayi tuƙin. Ba mugu ba ne, rigarsa ce ta jiƙe yana son ƙusa, ya cire jakar ya maƙala ta saman ƙofar murhu. Muna cikin aiki da rana, jirgi ya ja kaya zai kai wani sashe ya dawo, iska ta juyo mana da hayaƙinsa. Na ga Isuhu ya tsaya da ƙarfe a kafaɗa, hancinsa a sama. Ni ma na ji. Ƙamshin tumu ne, ƙamshin da a gida yake nufin yunwa ta ƙare, yara suna gasa sabon gero a bakin gona. Ban taɓa sanin ƙamshin nan zai iya tsinka wa mutum hanji ba. Isuhu ya saki ƙarfen, saura kaɗan ya karya ƙafar wani Bamoshe abokin aikinmu, ya bi jirgin da gudu a kan dogo. Ya cim masa a hawa. Wannan ne kaɗai alherin da na san rashin saurin Tsohuwa ya taɓa yi wa wani.

Gefen jakar da ke fuskantar wuta ya yi ruwan ƙasa. Da yamma muka zauna a ƙofar bukka muna tsince waɗanda suka gasu, ɗaya-ɗaya, har suka cika tafi biyu. Zubarwa ba ta yiwuwa. Muka raba muka ci. Shi ne geron farko da ya shiga bakina cikin watanni masu yawa, kuma ban taɓa cin abu mai daɗi da wuyar haɗiya irinsa ba. Sauran kuwa ido ba ya gane mai rai da matacce. Isuhu ya ɗebi ɗan kaɗan da yatsu uku, ya je inda muka cire dogo ranar, ya tona jar ƙasar da diddige ya rufe. Da muka koma dubawa, abin da ya tsiro bai kai rabi ba. Ya tsuguna a gabansu ya daɗe. Ƴan siraran ganye ne a tsakiyar hanyar da jirgi ba zai sake bi ba, itatuwa sun yi musu rumfa ta kowane gefe. Na san ba za su yi zangarniya a wannan duhu ba, shi ma ya sani.

Da Kwasi ya tashi ya ji labari, bai yi wa saurayin faɗa a gabanmu ba. Ya mai da jakar bayan mazauninsa, inda sai an ɗaga shi kafin a taɓa ta.

Dogo ya yi ta gajarta. Tafiyar da a farko takan ci mana safiya ta koma ta shan taba guda, daga baya muka riƙa zuwa wurin aiki da ƙafa. Ta ɗaya gefen kamiyoyi suna ta ruri a sabuwar hanyarsu, suna shiga kwarin da dogo bai taɓa kaiwa ba. Ran nan muka kwance tsani na ƙarshe a bakin sansani, ya rage guntun da Tsohuwa ke tsaye a kai. Shef ya ce a kashe wuta, masu yankan ƙarfe za su zo in hanya ta bushe. Ya ce mu kuma akwai sauran aikin loda ƙarafa na wata guda ko fiye, wanda ya tsaya zai ji daɗin sallama.

Isuhu ya ce mini, "In tukunyar ga ta huce, kwana nawa ka ba shi?"

Na ce ban sani ba.

"Ni na sani. Tahiya za mu yi."

Amma motar da ke fita arewa sai an jira ta, ruwa kuma ya ɓata gada. Washegari da safe muka ga hayaƙi yana fita daga bututun Tsohuwa, siriri, kamar na mai dafa shayi. Kwasi ne zaune a mazauninsa yana jefa guntun itace ɗaya bayan ɗaya, jirgi a kan dogon da bai fi tsawonsa ba, gaba ciyawa, baya ciyawa. Shef ya zo da lema ya tsaya a ƙasa.

"Tsoho, ina za ka?"

"Ina da fasinja," in ji Kwasi. "Bai sauka ba tukuna."

Shef ya dubi jakar, ya dube mu, ya juya ya tafi. Haka dattijon nan ya riƙe wutar har aka gyara gada. Ranar da mota ta zo, shi ya ciro jakar da hannunsa ya miƙa wa Isuhu da ɗuminta. Ya tambaya in abin ya girma ina yake kaiwa, Isuhu ya ɗaga hannu sama da kansa. Kwasi ya girgiza kai, alamar bai yarda ba. Na tambaye shi ina zai nufa yanzu.

"Ni da ita hanya ɗaya muka sani, Mushe," ya ce. "Ga ta can kun tara ta a bakin kogi."

Daga baya na yi shekaru ina koyar da darasin hanyoyin sufuri ga yaran da ba su taɓa ganin jirgi ba, ina zana shi a allo da tagogi da hayaƙi kamar yadda littafi ya ce. Samarinmu da ke zuwa can yanzu sun ce wurin duk gonakin koko ne, rana tana dukan mutum kamar a nan, kuma ba su sami wanda ya taɓa jin an yi jirgi a wurin ba.

A hanyar dawowa Isuhu ya ɗaure jakar a cikinsa ƙarƙashin riga, ya duƙa a kanta duk inda ruwa ya same mu a bayan mota. Da muka yi arewa leɓunanmu suka fara tsagewa, ban taɓa murna da tsagewar leɓe ba sai ranar. Mun iso ƙauye da hantsi, a ƙarshen bazara, zafi yana tashi daga rairayi kamar daga bakin tanda. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Namu a buɗe yake. Muka yi sallama, Inna ta amsa daga ɗaki, ta fito tana dafa bango. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu. Ba wanda ya rugo ya karɓi kayanmu.

Muka gaisa kamar yadda ake gaisawa, lahiya lau, lahiya lau. Isuhu ya kwance jakar ya ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta shinshina.

"Hayaƙi," ta ce.

Muka ba ta labari a gajarce, har da cewa fiye da rabi ya mutu. Ta ɗaga kai kawai. Sai Isuhu ya ce, "Ina auta?"

"Ta riga mu. Ƙyanda ta shiga wurin rabo, can Dakoro. Ba ta iske jiki wurinta ba."

Muka yi salati. Isuhu ya zura wa jakar ido.

"Inna, da mun bar..."

"Kada ka ƙarasa," ta ce. "Ni na ba ku shi da hannuna. Wanga tsakanina ne da Ubangijina, ba ku ciki. Ku tashi ku sha ruwa."

Ruwan fari ya zo bayan kwanaki, da iska da ƙamshin ƙasa. Da gari ya waye muka fita, Isuhu a gaba da sungumi yana sara, ni da Inna a baya muna jefawa muna rufewa da diddige. Aikin yara ne wannan a gidan da ke da yara. Inna ta ce a ƙara yawan abin da ake jefawa kowane rami tunda ba a san mai rai ba, don haka irin bai kai ƙarshen gona ba, kuma a wannan karon ba ta ɓoye ko ƙwaya ba. Da ya tsiro, ya tsiro kamar haƙoran tsoho. Wani rami cunkus, wani biyu, wasu a jere babu komai.

Allah ya sa ruwa ya biyo baya. Da gero ya kai taƙi aka zo ragi. Kowa ya san yadda ake yi: a ramin da ya cika a bar uku masu ƙarfi, a tuge sauran a yar a kan kunya, rana ta busar da su. Haka Baba ya koya mana, haka kowa ke yi. Da yammacin wata rana bayan ruwa, ƙasa da laima, Isuhu ya duƙa ya tuge na farko ya wurga bayansa bai ko duba ba. Inna tana biye da shi. Ta sunkuya da ƙyar ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta kakkaɓe musu rairayi, ta tafi wani ramin da bai tsiro ba, ta tona da yatsa ta dasa, ta danne gindin da tafin hannu.

Isuhu ya ce, "Inna, waɗanga ƙanana ne, ba su kamawa duka. In munka ce haka za mu yi, gonar ga sai ta ci muna sati."

Ba ta ɗago ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki na gaba.

"Ta ci," ta ce. "Na riga na ba da guda. Ba ni ƙarawa."